ALLON GODIYAR BELMIRO

Shafi na 14

Masu cika min waya da saƙo tun safe wai na bar ku a rataye, ku yi haƙuri, ni ma a ratayen nake. Sau uku ina fara wannan shafin ina gogewa. Ke kuma da kika ce in na sake yin kwana biyu shiru za ki biyo ni har gida, ƙofa a buɗe take, sai dai ki taho da hankicinki don nawa sun ƙare.

Don waɗanda yau suka shigo: ni ce Graciete, shekarata hamsin. Saura wata uku a haife ni babana Belmiro ya ɓace a tekun Terra Nova wurin kamun kifin bacalhau. Shi kaɗai ne a ɗan kwale-kwalensa hazo ya rufe shi, ba a ga ko hularsa ba. Tun ranar mahaifiyata Deolinda ba ta sake sa wani kaya ba sai baƙi. Ƙanin babana, Tio Albino, shi ya tsaya mana har na girma. A shafin baya mun tsaya inda motar tsofaffin unguwarmu ta Caxinas ta kawo mu yawon buɗe ido garin Viana ranar Lahadi. Mun zaga tsohon jirgin asibiti na masu kamun kifi a teku, mun zaga tsohuwar ganuwar bakin ruwa, muka baje a kan ciyawa muna cin abinci.

* * *

"Albino, agogon nan dai ba gudu zai yi ba," in ji Mama tana miƙa masa ƙosan kifi. "Karo na shida ke nan kana duba shi."

"Ni ba abin da nake dubawa."

"Yau dai 'yan katinka sai su yi haƙuri. Duk Lahadin duniya ka cinye min abinci, huɗu saura kwata ka goge baki ka ce kati. Rana ɗaya ka zauna da mu ba za ka mutu ba."

Ti Engrácia, ƙawar Mama tun suna tallan kifi a kai, ta ajiye kofinta tana dariya.

"Ƙyale shi Deolinda, wa ya sani ko katin nan siket gare shi."

"Wannan? Wace marar aikin yi ce za ta kwashi wannan?"

Duk muka yi dariya ban da shi. Dama da safen nan da ƙyar Mama ta tura shi cikin mota, yana ta kawo uzuri, ita kuma ta kafe wai ba za ta shiga jirgin asibiti ba sai da wanda ya san ciki.

Mama ta karkaɗe ɓurɓushin burodi daga baƙin siket ɗinta.

"Engrácia, na faɗa miki an gama dutsen kabarina?"

"Haba Deolinda, ana cin abinci."

"To mene ne? Ya yi kyau. Sunana a sama, na Belmiro a ƙasa. Shekara hamsin bawan Allah ba shi da wurin kwanciya, ai ko sunansa ya samu inda zai huta."

Tio Albino ya ƙware, sai da na bubbuga masa baya. A lokacin na ɗauka ƙaya ce.

Mai yi mana jagora ya ɗaga lemarsa ya ce saura wuri ɗaya kafin mu koma mota. Akwai wani ɗaki kusa da cocin Senhora da Agonia, waliyyiyar masu teku, inda aka fito da tsofaffin allunan godiya na masu teku, waɗanda suka shekara da shekaru a ɗakin ajiya ba wanda ya gan su, bana aka wanke aka jera.

"Ku je ku dawo," in ji Tio. "Gwiwata."

"Gwiwar da ta hau matakalar jirgi hawa huɗu ɗazu tana nuna mana inda aka cire maka haƙori?" in ji Mama.

"Na ce gwiwata, Deolinda. Ke ma ki zauna, me za ki gani? Tsofaffin katakai ne."

"Zan kunna wa Belmiro kyandir dai. Kai ka zauna ka yi gadin agogonka."

Ita da Ti Engrácia suka shige coci, ni kuma na bi sauran mutane ɗakin alluna. Da na san abin da ke ciki da ni ma gwiwata ta yi ciwo.

Kun dai san yadda abin yake a wurinmu. Mutum ya ga mutuwa ido da ido a teku, sai ya yi wa Senhora alkawari, in ta fitar da shi zai rataya mata allo. In ya tsira sai ya sa a zana abin da ya faru, a rubuta sunansa da ranar.

Ina bin bango ina karantawa, har ina murmushi don wasu zanen ko ɗan firamare ya fi su. A jere na biyu, kusa da taga, na ga wani ƙarami, bai wuce tiren shayi ba. Kwale-kwale ɗaya a cikin farin hazo, mutum ɗaya a ciki yana busa katantanwa. A goshin kwale-kwalen an rubuta 17.

Na ce to, kowane jirgi ai yana da nasa sha bakwai ɗin. Lambar da babana ya ciro ke nan a ƙuri'ar rabon kwale-kwale a tafiyarsa ta ƙarshe, tun ina goye nake jin ta a bakin Mama.

Sai na karanta rubutun ƙasa.

"Mu'ujizar da Senhora da Agonia ta yi wa Belmiro Terroso na Caxinas, wanda ya ɓace cikin hazo ranar 9-7-1968, ya kwana shida a kan ruwa, aka tsince shi da ransa. Ya cika alkawarinsa. 1973."

Na karanta sau ɗaya. Na karanta sau biyu. Na cire tabarau na goge da bakin rigata na mayar, rubutun yana nan yadda yake.

Jama'a, ban yi kuka ba, ban yi ihu ba. Jikina ne kawai ya mutu, na rasa inda zan ajiye hannuwana. Wata mata ta ce in ɗan matsa za ta ɗauki hoto, na matsa mata har da ba ta haƙuri.

Ban san yadda na fito ba. Na dai gan ni a gaban Tio Albino, yana zaune a gindin ƙaton ƙarfen nan na tsayar da jirgi da aka kafa a filin, hularsa a kan gwiwa.

Yana ganin fuskata ya sha jinin jikinsa.

"Tio, wa ya rataya shi?"

"Wane abu?"

"Kar ka yi min haka. Tun da nake ban taɓa ɗaga maka murya ba, kar ka sa in fara yau."

Ya yi ta juya hular.

"Can sama na sa shi," in ji shi da ƙyar. "Bayan ƙofa, inda ba mai ɗaga kai. Da hannuna na buga ƙusar. Wa ya aike su su sauko da shi?"

Na zauna a gefensa a kan dutse. Ashe har lokacin ina sa ran zai ce wani Belmiron ne.

"Faɗa min."

"Graciete, 'yata..."

"Kar ka ce min 'yarka yanzu. Faɗa min kawai."

Ya ja numfashi.

"A saba'in da uku ne. Guguwa ta koro jirginmu muka fake a tashar São João, can Terra Nova. Na sauka sayen taba. Wani mutum yana sauke akwatuna daga mota, ya juyo. Na yi alamar gicciye, na ɗauka fatalwa ce. Shi kuma ya saki akwatin a kan ƙafarsa."

"Sai me?"

"Sai muka shiga bayan wani shago muka yi kuka. Kwana shida ya yi a kwale-kwalen nan, yana cin ɗanyen kifi, yana matse raɓar hularsa a baki. Ya busa katantanwa har bakinsa ya fashe. Wasu masunta na wani ƙauye a gaɓar can suka tsince shi, suka yi jinyarsa."

"Ba su da takarda a ƙauyen? Ba su da gidan waya?"

"Ke ba ki san lokacin ba. Ko ka cika shekarun da aka yanka maka a jirgin kamun bacalhau, ko a sa maka kaki a tura ka yaƙin Guiné. Shi bai cika ba. In ya ce yana raye, ko su mayar da shi cikin kwale-kwale ko su ba shi bindiga. Ya ce min ko ruwa ya gani a baho jikinsa rawa yake."

"Yaƙin ya ƙare shekara ɗaya bayan haɗuwarku, Tio. Wannan ko ni na sani."

Ya sunkuyar da kai yana juya hular.

"Tio."

"Lokacin akwai mace. Da yara biyu."

Daidai nan wasu baƙi biyu, mata da miji, suka tsaya a gabanmu suna murmushi, suka miƙo min waya suna nuna ƙarfen. Kun san me na yi? Na tashi na ɗauke su hoto. Har guda biyu, don na farkon bai fito da kyau ba. Suka yi godiya suka wuce, na koma na zauna. Har yau in na tuna haushin kaina nake ji.

"To allon fa?" na ce. "Mutumin da ya ɓuya wa duniya, shi ne zai rubuta sunansa da na garinsu ya aiko?"

"Alkawari ya yi wa Senhora a rana ta huɗu. Shekara biyar abin yana cinsa. Ya sa wani ɗan can ya zana masa, ya ajiye ƙarƙashin gado yana jiran wanda zai kawo."

"Ba sai ya bar sunan ba?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Allo ba suna? Ta yaya za ta san wa ya cika?"

"Kai kuma ka ɗauko."

"In yi yaya da shi? In jefa a ruwa? Alkawarin Senhora a cikin akwatina, ga teku na mako uku a gabana? Ba ɗan Caxinas ɗin da zai yi haka. Na dai ƙi kai shi cocinmu. Da muka sauka nan Viana na kawo shi, don a nan ya yi addu'a kafin jirginsu ya tashi."

"Alkawarin da ya yi wa Mama a gaban fadan coci ranar aurensu fa? Shi wa ya ba wa ya kawo?"

Wani tsuntsun teku ya sauka kusa da mu yana neman ɓurɓushi, shi Tio ya zuba wa ido.

"Ya san da ni?"

"Ya sani."

"Ya san sunana?"

"Yana da hoton aurenki. Ni na aika masa."

"Ranar kai ka riƙe hannuna ka shiga da ni coci. Ka yi ta kuka, kowa yana cewa Allah Sarki Albino ya tuna da ɗan'uwansa."

"Ai shi na tuna."

Wani abu ya faɗo min a rai, sai da na dafe ƙirjina. Ina da shekara tara Senhor Laurindo mai gidan burodi ya nemi auren Mama. Mutumin kirki, matarsa ta rasu, kullum sai ya ba ni burodi mai zaƙi a ɓoye. Shekara uku yana zarya. Na taɓa kama Mama a gaban madubi ta ɗora wani shuɗin gyale a kafaɗa, tana ganina ta cusa shi a durowa.

"Senhor Laurindo," na ce. "Wurinka Mama ta nemi shawara. Ina bayan ƙofa, na ji. Ka ce mata wanda ba a ga gawarsa ba ba a cire rai da shi. Ka ce mutane za su zage ta."

Hawaye suka zubo masa.

"Da mijinta a raye, Graciete? In bar ta ta shiga zunubi ba ta sani ba? In tsaya a coci ina kallo?"

"Sai ka faɗa mata gaskiya ta zaɓa da kanta."

"Babanki ya sa na rantse."

"Kowa an cika masa alkawari ke nan. An cika wa Senhora, an cika wa babana. Mama kaɗai ce ba ta da mai cika mata."

"Na ciyar da ku. Ban yi aure ba. Duk abin da na samo..."

"Na sani, Tio. Shi ya sa na rasa yadda zan yi da kai."

Gaskiya na faɗa. Na so in tsane shi a wurin nan, na nemi tsanar na rasa. Tsoho ne ɗan shekara saba'in da shida da ya koya min keke, yana kuka yana goge hanci da hula. In shiga in ciro allon? An ɗaure shi da waya, ga mai gadi. In ja Mama mu koma mota? Matar da ko likita bai isa ya sa ta abin da ba ta yi niyya ba. In faɗa mata? Da wane bakin? Duk inda na juya ba hanya.

Saura tambaya ɗaya, ita nake ta kewayewa.

"Yaushe ya mutu?"

Idonsa ne ya sauka kan agogo.

Na bi idon nasa. Huɗu saura minti goma.



"Babu wani kati," na ce.

"Babu."

"Tun yaushe?"

"Tun da matar tasa ta can ta rasu, shekara tara ke nan. Huɗun nan tamu can sha biyu da rabi ne, in babanki ya fito daga coci. Shi yake kira. Na ce yau zan zame in koma bayan ganuwa in amsa."

"Kuna hirar me?"

"Ba komai. Ruwan sama. Ƙwallo. Wa ya mutu a unguwa. Yakan tambayi abin da ta dafa."

Na rufe fuskata da hannu. Shekara tara mutumin nan yana tashi daga teburinmu da ɗanɗanon miyar Mama a bakinsa ya je ya ba da labari.

"Kashe wayar."

"Ban iya ba, ke kike..."

"Ciro ta in kashe."

Ya shiga lalube. Aljihun wando, aljihun riga, aljihun kwat. Ni na saya masa wayar, mai manyan madannai, ni kuma na ƙure mata murya saboda kunnensa.

"Graciete!"

Ti Engrácia ce a bakin ƙofar ɗakin alluna tana yafito ni.

"Zo uwarki na nemanki. Ta kafe a gaban wani allo ta ce sai an karanta mata, ni kuma na bar tabarau a mota. Na ce ta tambayi mai lema ta ce ita 'yarta take so."

Na manta da zancen waya. Na tashi, Tio ya biyo ni, gwiwar da ke ciwo ta warke.

Ɗakin ya kusa zama fayau, 'yan motarmu sun fita sayen tsaraba. Mama na tsaye kusa da taga, jakarta a maƙale a gwiwar hannu, ɗigon kyandir a kan yatsanta. 'Yar ƙaramar tsohuwa cikin baƙi tun daga ɗankwali har safa. Ba ta juyo ba.

"Karanta min wannan."

Mama ba ta taɓa shiga aji ba. Tana da shekara bakwai aka ɗora mata kwandon kifi a kai. Duk wata takarda da ta shigo gidanmu ni nake karanta mata, kuma ban taɓa canja mata ko kalma ɗaya ba.

"Mama, mota za ta tashi."

"Ta tashi. Karanta."

Na matso.

"Mu'ujizar da Senhora ta yi wa... wa Joaquim. Wani Joaquim ne, ɗan Âncora. Guguwa ta kama shi, ya tsira. Shi ke nan."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Mama."

"Duk wannan dogon rubutun?"

"Sauran addu'a ce."

Ta gyaɗa kai a hankali. Na ɗauka na sha. Har na kama hannunta zan juya da ita, ta zame.

"Tun kina ƙarama in za ki yi ƙarya sai kin taɓa kunnenki," in ji ta. "Sauke hannun."

Na sauke.

"Boko ban yi ba, Graciete. Amma shekara arba'in ina kan sikeli. Lamba ba ta taɓa yi min ƙarya ba."

Ta ɗaga yatsan nan mai ɗigon kyandir ta nuna goshin kwale-kwalen.

"Sha bakwai."

Ta sauko ƙasa.

"Tara. Bakwai. Sittin da takwas. Duk shekara ranar nake zuba fure a ruwa, kina riƙe min jaka."

"Mama, mu je waje ki sha iska."

"Wannan harafin kuma mai ciki biyu a farkon suna, da hannuna na ɗinka shi a rigunan sanyinsa guda shida, don kar su ɓace a jirgi. Shi kaɗai na sani a duk boko."

Ti Engrácia ta yi alamar gicciye ta ja da baya har ta jingina da bango.

"Ta ƙarshen nan ce ban gane ba," in ji Mama. Muryarta ko rawa ba ta yi, irin wadda take tambayar farashin kifi da ita. "Saba'in da uku. Me aka yi a saba'in da uku?"

Ta ci gaba, idonta a kan allon.

"Engrácia, ke da kika girme ni. Kin taɓa ganin an rataya wa wanda ya nutse allo?"

"Deolinda, zo ki zauna..."

"Wanda ya fita ne yake ratayawa. Ko ba haka ba?"

Sai a lokacin ta juyo. Ba ni ta kalla ba. Ta tsallake ni ta kalli Tio Albino da ke tsaye a bakin ƙofa yana murɗa hula.

"Saba'in da uku," ta sake cewa. "Shekarar da ka dawo ka yi wata biyu ba ka iya cin abinci a gidana. Na yi ta dafa maka romon kaza na ɗauka ciwon ciki ne."

"Deolinda..."

"Ban tambaye ka ba tukuna."

Ƙararrawar coci ta buga. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ina ƙirgawa ina roƙon Allah ya sa yau mutumin ya manta, ko layi ya lalace, ko batir ya mutu.

Wayar ta ɗauki ƙara a aljihun cikin kwat ɗinsa, aljihu ɗaya da bai laluba ba. A ɗakin nan shiru, ƙarar har bango take dukawa.

Tio ya dafe ƙirjinsa da hannu biyu kamar zai danne ta.

"'Yan kati ne," in ji shi.

"To ɗauka mana."

"Ba komai, za su sake kira."

Mama ta taka har gabansa ta miƙa hannu.

"Ba ni."

Ya dube ni. Wallahi ya dube ni irin kallon a taimake shi. Ni da na kasa taimakon kaina. Ina tsaye tsakaninsu, taku biyu kawai in fizge wayar, ƙafata ta ƙi ɗaguwa.

Ya ciro ta ya sa mata a hannu.

Ta nisanta ta da idonta tana duba gilashin.

"Lamba mai tsawo haka, Albino? A ina 'yan katin naka suke zama?"

Ba ta jira amsa ba. Ta danna koren, yadda ni da kaina na koya mata.

Aka ɗan yi shuu. Sai muryar wani tsoho ta cika ɗakin, a dishe, tana jan harshe irin namu na Caxinas sak. Muryar da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni.

"Albino? Kana jina? Yau ka daɗe ba ka ɗauka ba. Ka fito daga gidan Deolinda? Me ta dafa yau?"

Mama ta riƙe wayar da hannu biyu. Ta kalli allon. Ta kalli baƙin hannun rigarta. Sannan ta kai wayar bakinta.

"Yau ban dafa komai ba, Belmiro."